Littafin Aljihu da Ranar Kasuwa: Jagora Ga Mai Fara Rubutu a Bakin Iyaka

Matashin da sha'awar rubutu ta kama a Bugaje, ko Riko, ko Magama ta ƙasar Jibiya, yakan fara ne da abin da ya fi nisa da shi. Sai ka tarar takardarsa ta farko a kan rikicin Gabas ta Tsakiya take, ko zaɓen Amurka, ko nasiha ga shugabannin Afirka baki ɗaya. Sanin duniya ba laifi ba ne, sai dai a kan irin waɗannan batutuwa akwai dubban marubuta da suka fi shi kayan aiki, kuma abin da zai faɗa a rediyo ya ji shi da safe, inda mai karatunsa ma ya ji. Bayan rubutu uku ko huɗu sai rijiyar ta ƙafe, ya ajiye alƙalami yana cewa ba shi da baiwa. Shawarar wannan jagora guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: wanda zai fara rubutu da sunan kansa ya tsaya a kan abin da idonsa ke gani kuma zai iya ƙirgawa, ya sa masa kwanan wata, ya riƙa komawa kansa a rana ɗaya tsayayya kowane mako.

Hujjar wannan shawara tana cikin rubuce-rubucen da suka daɗe ba su mutu ba. A farkon shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina ta hanyar Tasawa da Gazawa. Da yawa daga ra'ayoyinsa kan mutane da sarakunansu sun tsufa, wasu ma ba daɗin ji. Abin da masana tarihi ke komawa nema wurinsa har yau ƙananan abubuwa ne: sunayen unguwannin birnin Katsina da ya jera, da nisan zango zuwa zango, da yawan wurin da ake biya a kan kaya. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yanzu a 1934, ya zauna ya rubuta da ajami yadda Hausawa ke noma da saƙa da rini da fatauci, abubuwan da a zamaninsa kowa ya sani har ba a ganin dalilin ɓata tawada a kansu. Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta yi boko ba, ta zauna da Baturiya Mary Smith tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin aure da goyo da ƙawance da harin masu kama bayi, littafin ya fito a 1954, ana kuma karanta shi a jami'o'i har gobe. Duka ukun abin da aka raina suka adana, shi ne kuma ya yi daraja da zamani ya juya.

Mai karatu zai ce waɗancan sun rayu ne lokacin da ake abin tarihi, shi kuwa a ƙauye yake, inda yau take kamar jiya. Mutumin ƙaramar hukumar Jibiya ba shi da damar faɗin haka, ko a wace daga mazaɓunta 11 yake zaune. A watan Yulin 2018 ambaliya ta afka wa garin Jibiya cikin dare, mutum fiye da 40 suka rasu. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe iyakokin Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya ta ci gaba da zama a garƙame sai Afrilun 2022. A tsakani, cikin Satumban 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya. Farkon 2023 ya zo da ƙarancin takardun naira, sannan sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka sake rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda ta ƙasar Jibiya zai ratsa. Jaridun Abuja da Legas sun ba da labarin kowane umarni a ranar da aka bayar da shi. Abin da ba aikinsu ba ne shi ne bin sawun umarnin har cikin tukunya: nawa kwalbar fetur ta koma a mako na uku, ta wace hanya aka kai amarya garin Ɗan Isa na Nijar da shinge ya rufe, yaya mai shago ya ba da canji ranar da naira ta ɓuya sefa ta yi yawa. Wanda ke zaune a wurin ne kaɗai zai iya rubuta wannan, in kuwa bai rubuta ba, cikin shekara biyar shi kansa zai manta.

Matakin farko shi ne zaɓen batu, kuma kuskuren da aka fi yi a nan shi ne faɗi. "Rayuwar bakin iyaka" ba batu ba ne, daji ne. Farashin hatsi a kasuwa ɗaya batu ne. Haka noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Jibiya, ko tarihin rijiyoyin gari da waɗanda suka haƙa su, ko zumuncin gidajen da layin da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ya raba biyu, kaka a Najeriya jika a Nijar. Mace mai rubutu tana da ƙofofin da namiji ba ya shiga: kayan ɗaki da gara da yadda suka sauya daga zamanin iyaye zuwa yau, adashi, sana'ar mai da ƙuliƙuli a cikin gida. Akwai gwaji mai sauƙi kafin ka tsayar da shawara. Ɗauki takarda ka rubuta kanun rubutu goma a kan batun, a zama ɗaya. In ka maƙale a na huɗu, ko dai ba ka san batun ba, ko ba ya ranka, sai ka sake wani tun ba ka yi wa kowa alkawari ba.

Daga nan sai littafin aljihu, irin na 'yan makaranta mai arha, da biro biyu. A saman kowane shafi ka rubuta rana da wata da shekara da wuri, tun kafin ka rubuta komai. Wannan ɗabi'a ƙarama ita ce ke raba shaida da hira. A nan ne kuma ya kamata mai fara rubutu a bakin iyaka ya yi dogon tsayi, domin awo da kuɗi a yankin nan tarko ne. In ka rubuta farashin tiya, ka faɗi ta wace kasuwa ce, don tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, kuma ka faɗi gero sabo ne ko tsoho. In ka rubuta buhu, ka tambaya tiya nawa aka zuba masa. Ka bambanta kuɗin da mai kaya ya fara yankewa da kuɗin da aka sallama, ka kuma lura ko la'adar dillali tana ciki. Lissafin sefa ya fi duka kayar da baƙo: a bakin mutanen Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka wanda ya ce maka "ɗari" yana nufin sefa 500, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Marubucin da ya ji "ɗari biyu" a bakin Bamaraɗe ya rubuta sefa 200 ya yi ƙarya ninki biyar ba da niyya ba. Duk ranar da ka rubuta farashi da sefa, ka leƙa wurin 'yan canji ka rubuta yadda suka sayi jika da yadda suka sayar a ranar, don ba tare da wannan ba, mai karatu bayan shekara uku ba zai gane ko kayan ne suka tashi ko naira ce ta faɗi ba. Aikin yana da gundura, gaskiya ne. Amma shafi 52 irin wannan, ɗaya kowane mako, sun fi tarin sharhi amfani ga ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, har ma ga manomin da ke son sanin watan da ya fi dacewa ya fitar da wakensa.

Abin da ido bai gani ba, baki ake tambaya, kuma tambaya tana da ladabinta. Ba a faɗa wa dattijo da littafi a buɗe kamar ɗan sanda. Ka je ka gaishe shi, ka ce, "Baba, wurinka na zo neman sani," ka bayyana abin da za ka yi da maganar, ka nemi izini kafin ka fito da biro ko ka kunna waya. In tarihin gari kake bi, fara gaida maiunguwa ko dagaci yana buɗe ƙofofin da in ka tsallake shi za su rufe. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, don haka maimakon ka ce "a wace shekara," ka tambaya kafin farin 1973 ne ko bayansa, zamanin Sarki Usman Nagogo ne ko na Muhammadu Kabir, daga baya kai ka nemo lambar. Kowace magana mai nauyi ka ji ta daga bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba gida ɗaya suke ba. In sun saɓa, ka rubuta saɓanin yadda yake, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗi. Kalmar "an ce" kuwa ka ɗauke ta abokiyar gaba: ko ka san wanda ya ce, ko ka bar zancen a littafin aljihu har ya nuna.

Zaman rubutun kansa ya fi sauƙi idan littafin aljihu ya cika. Kalma 300 zuwa 500 sun isa ga mai farawa. Jumlar farko ta ɗauki abin da ya faru, da inda ya faru, da ranar. "Kaya sun yi tsada, talaka yana shan wahala" magana ce da kowa ya faɗa a kowace shekara tun zamanin wuri. "Ranar Lahadin nan a kasuwar Jibiya tiyar gero ta kai naira kaza, makon jiya kaza take" ita ce jumlar da ke sa mutum ya gyara zama. Doguwar gaisuwa da yabon kai da neman afuwa tun ba a yi laifi ba, a bar su ga wasiƙar gida. Ra'ayinka yana da wuri, amma bayan shaida, kuma a fili yadda mai karatu zai san inda gani ya ƙare tunani ya fara. In ka gama, ka bar rubutun ya kwana. Da safe ka karanta shi da ƙarfi, ko ka karanta wa wanda bai yi makaranta ba. Duk inda ya ce "me kake nufi," a nan gyara yake, ba a kunnensa ba.

Sai ƙa'idar rubutu, wadda matasa da yawa ke ɗauka fitinar malaman jami'a ce. Lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ce. "Baki sun shigo gari" da "baƙi sun shigo gari" ba ɗaya ba ne, haka "fada" da "faɗa," kuma a garin da ake zaman ɗarɗar, wanda ya rubuta an yi faɗa alhali an je fada ne zai iya tayar da hankalin unguwa. Yawancin wayoyin yanzu suna karɓar allon rubutun Hausa, a saka shi sau ɗaya an huta. Ka koyi raba kalma da haɗa ta: "shi ne" a rabe, "yana" a haɗe, "ba ni da" dabam da "ba ni." Ka kuma san cewa 'yan'uwa na tsallake suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, don kada ka ɗauka kuskure ne. Karin harshen yankin kuwa dukiya ce. Bayaninka ka yi shi da daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Zariya da na zangon Kumasi su bi ka ba tuntuɓe, amma in dattijo ya ce "mi" ko "wanga" ko "tahiya," ka bar masa abinsa a cikin maganarsa. Masu cewa a yi da Turanci don a kai ga duniya sun manta da taswirar wurin. Ɗan makarantar Katsina Turanci aka koya masa, na Maraɗi Faransanci, harshe ɗaya tilo da su biyun za su karanta a takarda ɗaya shi ne wanda suke ciniki da shi.

Akwai ƙorafin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ba za a kawar da shi da daɗin baki ba: a yankin da 'yan bindiga suka addaba, rubutu na iya jawo wa mutum da danginsa bala'i. Haka ne. Saboda haka akwai abin da mai hankali ba ya fitarwa ko kusa. Ba a rubuta wanda ya sayar da shanu da abin da ya karɓa, ba a faɗin gidan da aka yi girbi mai yawa, ba a ambaton lokacin da jami'an tsaro ko 'yan sintiri ke wucewa, ba a nuna wani da yatsa a ce infoma ne. Hanyoyin fasa-ƙwauri da masu bin su ba aikin mai koyo ba ne, haka zargin wani jami'i da sunansa a kan shingen hanya, domin ɓata suna laifi ne a dokar ƙasashen biyu, kuma "kowa ya sani" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Sai dai wannan ƙorafi, in aka duba shi da kyau, goyon bayan shawarar farko yake yi. Farashin tiya, da zurfin ruwa a rijiya, da ranar da aka yi shuka, da sunan tsohuwar unguwa ba sa sa a biyo mutum gida, amma suna ba da labarin rashin tsaro fiye da ihu: gonar da aka daina nomawa tana bayyana a farashin gero. Kuma rubutawa dabam, fitarwa dabam. Abin da ba zai fitu bana ba yana iya zama a littafi, ba sunan kowa, har ranar da ƙura ta lafa.

Wa zai karanta, kuma me za a samu? Amsar ta biyu gajeriya ce: a shekarar farko ba komai, wanda ya shiga don kuɗi gara ya kama sana'ar da ke biya ranar da aka yi ta. Masu karatu kuwa daga kusa ake tara su. Abokan majalisa, malaman makarantar gari, ɗalibai, 'yan gari mazauna Kano da Legas da ke ƙishin labarin gida. Daga nan ka gwada aika gajeren rubutu ga jaridun Hausa irin su Aminiya, ko filayen masu sauraro a gidajen rediyon Katsina da na Maraɗi, inda abin da mutum ɗaya ya rubuta ke shiga kunnen dubbai da ba sa karatu. Wannan hanya tsohuwa ce a ƙasar Katsina. Abubakar Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya fara yi wa edita a 1939 ta ba wasiƙun mutanen karkara fili. A shekarun 1950 lardin Katsina yana da jaridarsa ta kansa, Himma. Marubutan da suka cika kasuwannin Arewa da littattafai tun shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, ba su jira babban kamfani ya ɗauke su ba, kansu suka kai aikinsu maɗaba'a. Wanda ya riƙe ranarsa ta mako har shekara ta zagayo yana da abin da zai tace ya kai a buga masa ɗan littafi. Sirrin yana cikin riƙe ranar: rubutu matsakaici kowace Litinin ya fi gwaninta sau ɗaya a damina, domin mai karatu yana sabawa da lokaci kamar yadda ya saba da ranar kasuwa, hannun marubuci kuma da maimaici yake faɗawa.

Wasu za su ce zamanin murya ne, a ɗauki magana a waya a tura ya fi sauri. Murya tana da amfaninta, musamman wajen adana zancen tsofaffi da lafazinsu. Amma ba a jera saƙon murya 50 a kwatanta farashin Janairu da na Agusta da kallo ɗaya, kuma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Mutanen Jibiya sun ga watannin da layi ya ɗauke a 2021, sun kuma ga abin da ruwa ya yi wa takardun cikin ɗaki a 2018. Darasin biyu ne a haɗe: duk abin da ke waya a kwafe shi a takarda, duk abin da ke takarda a ɗauki hotonsa, littafin da ya cika a ɗaure shi a leda a sa cikin akwatin ƙarfe a wuri mai tudu, kwafi ɗaya kuma ya tafi wurin ɗan'uwa a wani gari.

Saura farawa. Ranar kasuwa mai zuwa ka fita da littafinka da sassafe, ka rubuta kwanan wata a saman shafin farko, ka tambayi farashin kaya biyar a bakin masu sayarwa biyu-biyu, ka biya ta wurin 'yan canji kafin ka koma gida. Da daddare ka mayar da shi jumla goma, ka karanta wa mutanen gidanku. Mako mai zuwa, kaya biyar ɗin nan dai za ka sake tambaya.